Huɗu ga Mayu ko Biyar ga Afrilu? Yadda Intanet ke Tantance Kwanan Wata

A Mutum Biyu, hedikwatar ƙaramar hukumar Gassol da ke bakin hanyar Jalingo zuwa Wukari, kamar kowane gari a Najeriya yau, harkar takardu ta koma cikin waya da kwamfuta. Buɗe asusun banki, rajistar layin waya, neman gurbin karatu a Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo ko Jami'ar Tarayya ta Wukari, shiga jerin masu karɓar tallafin noma, duk sai an cike fom a intanet. Kuma kowane fom yana da wani ɗan gurbi da mutane ba sa ɗauka da muhimmanci sai ranar da ya hana su barci, wato gurbin ranar haihuwa.

Mu ɗauki wannan rubutu: 04/05/2003. Ɗan Najeriya zai karanta shi huɗu ga watan Mayu, domin mun saba fara faɗin rana, sannan wata, sannan shekara, yadda Turawan Ingila suka bar mana. Ba'amurke kuwa zai ce biyar ga Afrilu ne, don su wata suke sa wa a gaba. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Matsalar ita ce kwamfutoci da manhajoji da yawa da muke amfani da su sun zo ne da saitin Amurka, kuma ba kowane mai shagon cike fom ke sauya shi ba. Ranar da Najeriya ta samu 'yancin kai, 1 ga Oktoba 1960, idan aka rubuta ta 01/10/1960, irin wannan kwamfuta za ta ɗauke ta 10 ga Janairu. Ranar da aka ƙirƙiri jihar Taraba daga tsohuwar Gongola kuwa, 27 ga Agusta 1991, ba ta da wannan damuwa, tunda babu wata na ashirin da bakwai. Duk ranar da ta wuce sha biyu ga wata tana kare kanta da kanta. Waɗanda ke cikin haɗari su ne kwanaki sha biyun farko na kowane wata. Lissafin mai sauƙi ne: sha biyu sau sha biyu 144, a cire ranaku sha biyu da lambar rana da ta wata suka zo ɗaya, irin 03/03, saura 132. A cikin kwana 365, kwana 132 ana iya juya su ba tare da kowa ya lura ba. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutane ke nan aka haifa a ranar da za a iya karantawa iri biyu.

Kafin a gane inda ake tare wannan kuskure, sai an san abin da ke faruwa bayan an danna maɓallin aikawa. Wayarka ko kwamfutar mai shago ba ita ke yanke hukunci ba. 'Yar aike ce kawai. Tana tattara abin da aka rubuta, ta ƙulla shi a saƙo guda, ta tura wa wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda ke zaune a wani wuri mai nisa. Sabar ta duba, ta mayar da amsa. Sau da yawa ma sabar ba ita kaɗai ke aikin ba. Ta banki za ta tambayi ta NIBSS, inda ake ajiye bayanan BVN tun da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da tsarin a Fabrairun 2014. Ta JAMB za ta tambayi ta NIMC, hukumar da aka kafa a 2007 mai ba da lambar NIN, domin tun 2021 ba a rajistar jarrabawar shiga jami'a sai da wannan lamba. Ƙofar da manhajoji ke magana da juna ta cikinta ita masu sana'ar ke kira API. A duk wannan kai da komo, ranar haihuwarka ba ta tafiya a matsayin rana. Jerin alamomi ne kawai, lambobi da 'yan sanduna. Kwamfuta ba ta san damina ba, ba ta san an haife ka ana girbin shinkafa a fadamun Binuwai ba. Abin da aka gaya mata cewa lambar farko ke nufi, shi za ta bi.

Saboda haka ake ajiye mai gadi a bakin kowace saba, wato 'yan layukan umarni da ke tantance kwanan wata kafin a bar shi ya shiga rumbun bayanai. Abin da ya fara dubawa shi ne siffa. Idan an ce lamba huɗu, sanda, lamba biyu, sanda, lamba biyu, to haka yake so ya gani. Harafi ya faɗo ciki, ko lamba ɗaya ta ɓace, ko an sa ɗigo inda ake son sanda, sai ya mayar da saƙon. A harshen intanet, irin wannan mayarwa tana da lamba, galibi 400, ma'ana saƙon da aka aiko bai zo daidai ba. Wannan binciken shi ya fi sauƙi, kuma abin takaici shi ne masu rubuta manhaja da yawa a nan suke tsayawa.

Siffa na iya yin kyau alhali ranar ba ta taɓa wanzuwa ba. 2023-02-31 ta cika duk sharuɗɗan siffa, amma babu 31 ga Fabrairu. Babu 31 ga Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba. Sai babbar magana, 29 ga Fabrairu. A firamare an koya mana cewa duk bayan shekara huɗu Fabrairu na cika kwana 29. Ƙa'idar ta ɗan fi haka tsawo. Shekarar da 4 ke raba ta tana da ƙarin kwana, sai dai in 100 ma na raba ta, to ba ta da shi, sai kuma in 400 na raba ta, to tana da shi. Shi ya sa 2000 ta samu 29 ga Fabrairu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba. Wannan gyara ya samo asali ne daga 1582, lokacin da Paparoma Gregory na sha uku ya daidaita kalandar Miladiyya, har aka tsallake kwana goma, aka kwana 4 ga Oktoba aka tashi 15 ga wata.

Kada a zaci ƙananan masu sana'a kaɗai ke tuntuɓe a nan. Ranar 29 ga Fabrairun 2012, Azure, rumbun intanet na kamfanin Microsoft, ya samu babbar tangarɗa saboda wata manhaja ta ƙara shekara guda a kan ranar, ta fitar da 29 ga Fabrairun 2013, ranar da babu ita. A 29 ga Fabrairun 2024 kuma, na'urorin biyan kuɗi na gidajen mai da dama a ƙasar Niyu Zilan sun ƙi aiki don ba su gane ranar ba. Manhajar Excel har yau tana karɓar 29 ga Fabrairun 1900, kuskuren da ta gada daga wata tsohuwar manhaja, Lotus 1-2-3, aka bar shi da gangan don kada tsofaffin takardun lissafi su rikice. Yaron da aka haifa a Mutum Biyu ranar 29 ga Fabrairun 2024 yana da haƙƙin kowace saba ta karɓi ranarsa, kamar yadda ya wajaba ta ƙi wanda ya rubuta 29 ga Fabrairun 2023.

Akwai wani hali da ni a ganina ya fi ƙin karɓa muni, wato mai gadi mai kunya. Wasu harsunan rubuta manhaja, irin JavaScript, idan aka miƙa musu 31 ga Fabrairun 2023 ta wata hanya, ba sa cewa uffan. Sai su ƙirga kwana ukun da suka yi rara, su mayar da ita 3 ga Maris. Mai cike fom bai ga jan rubutu ba, ya tafi gida da murna, alhali an ajiye masa ranar da bai taɓa rubutawa ba. Saƙon da aka mayar maka nan take, ka gyara a minti ɗaya. Wanda aka karɓa a karkace kuwa sai bayan shekaru zai fito, lokacin da kake tsananin buƙata. A wannan gurbi, tsanani shi ne tausayi. Amma tsananin ya zo da bayani. Saba ta ce "an samu matsala" kawai, ba ta taimaki kowa ba. Kamata ya yi ta faɗi gurbin da ya lalace, ta nuna yadda ake son a rubuta, da misali. Mutum ya bar gonarsa, ya biya kuɗin mota daga Tella ko wani ƙauye mai nisa, bai cancanci a sallame shi da amsar da ko mai shagon bai fahimta ba.

Bayan siffa da kalanda, sai a duba ko ranar ta shiga hankali. Ranar haihuwa ba ta zama gobe. Mai neman katin zaɓe dole ya kai shekara 18. Ranar ƙarewar takarda ba ta riga ranar bayar da ita. Kuma duk wannan bincike dole a maimaita shi a saba, ko da an yi shi a waya. Binciken waya don sauƙaƙa wa mai cike fom ne, amma wanda ya san hanya zai iya kewaye shi ya tura saƙo kai tsaye. Gidan da aka kulle ƙofar zaure aka bar katangar baya a rushe, ba a ce an tsare shi ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Duk ƙwarewar mai gadin nan, ba zai iya kama 04/05/2003 da aka juya ba. Huɗu ga Mayu rana ce ta gaskiya, biyar ga Afrilu ma haka. Siffa ta yi, kalanda ta yarda, shekaru sun kai. Kuskuren zai wuce salin alin, ya kwanta a rumbu, sai ranar da aka gwada shi da wani rumbun. Sannan banki ya ce BVN da NIN ba su dace ba, ko ɗalibi ya ga ranar da ke takardar WAEC ɗinsa daban da wadda JAMB ta ɗauko. Ga mai shirin hidimar ƙasa, wanda dokar NYSC ta ɗauke wa zuwa in ya haura shekara 30 lokacin kammala karatu, ko ma'aikacin gwamnati da ritayarsa ke rataye da cika shekara 60 ko shekara 35 a bakin aiki, wata ɗaya ba abin wasa ba ne.

Maganin da duniya ta samo shi ne a daina barin kowa ya yi zato. A 1988 Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 8601: shekara da lambobinta huɗu, sai wata, sai rana. Huɗu ga Mayun 2003 ta zama 2003-05-04. Daga babba zuwa ƙarami, kamar yadda muke faɗin kuɗi mu fara da dubu kafin ɗari. A 2002 aka fitar da wata takarda, RFC 3339, wadda ta taƙaita ƙa'idar don amfanin intanet, kuma a kanta sabobi da yawa ke tafiya yau. Alfanunta biyu ne. Babu ƙasar da ta saba rubuta shekara, rana, sannan wata da wannan siffa, don haka ba a karanta ta iri biyu. Sannan in aka jera ranaku bisa lambobinsu, da kansu suke bin tsarin lokaci. Lambobi huɗun shekarar ma darasi ne da aka koya da tsada. Tsofaffin kwamfutoci lamba biyu suke ajiyewa, shi ya jawo fargabar shiga shekarar 2000, lokacin da aka ji tsoron za su ɗauki 00 a matsayin 1900. Ko yau, wanda ya rubuta 25 bai bambanta dattijon da aka haifa 1925 da jaririn 2025 ba.

Wannan ƙa'ida tsakanin kwamfutoci take. Ba a ce manomi ya koyi rubuta shekara a gaba ba. Fom mai kyau shi ne wanda zai ba ka sunan wata ka zaɓa, Mayu ko Afrilu, ya nuna maka abin da ka zaɓa da haruffa kafin ka aika, sannan shi ya juya shi zuwa lambobi a ɓoye. Duk mai tsara fom don mutanenmu da ya bar gurbi uku na lambobi zalla, ba tare da ya rubuta wanne ne rana wanne ne wata ba, ya haƙa rami ne a kan hanya.

Wani ramin kuma a cikin jadawali yake. Sau da yawa ba ɗaya bayan ɗaya ake shigar da mutane ba. Wakili zai tattara sunayen manoma ko ɗalibai ɗari biyar a takardar Excel, a ɗora gaba ɗaya. Idan aka buɗe irin wannan jeri a kwamfuta mai saitin Amurka, ranakun da ba su wuce sha biyu ba sai ta juya su, waɗanda suka wuce ta bar su yadda suke a matsayin rubutu. Jeri ɗaya, rabi daidai, rabi a juye, kuma ido ba ya gani. Duk wanda aikinsa ya haɗa da irin wannan, ya fara duba saitin yanki na kwamfutarsa, ya tabbata yana kan Najeriya.

Akwai kuma kuskuren kwana ɗaya, mai ɗaure kai. Agogon Najeriya da Nijar yana gaban agogon duniya, wanda ake kira UTC, da awa guda. Idan manhaja ta ajiye ranar haihuwa tare da lokaci, ta ce ƙarfe sha biyun dare na farkon 4 ga Mayu a agogonmu, sannan saba ta mayar da shi agogon duniya, sai ya koma ƙarfe sha ɗaya na daren 3 ga Mayu. A yanke lokacin a bar rana, an rage maka kwana. Ga wanda aka rubuta wa 1 ga Janairu, har shekarar ce za ta ja baya. Ranar haihuwa ba ta buƙatar awa, bai kamata a liƙa mata ba. Tura kuɗi kuwa yana buƙatar awa da minti da alamar agogon da aka bi, in ba haka ba a yi ta musu tsakanin mai POS da abokin cinikinsa kan ranar da kuɗi suka fita.

Duk abin da na faɗa ya ginu ne a kan cewa mutum ya san ranar haihuwarsa da kalandar Miladiyya. A ƙasarmu ba kowa ba. Malamai da yawa sun rubuta haihuwar 'ya'yansu a bangon littafi da watan Musulunci. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, watanninta 29 ko 30, kuma a Najeriya sanarwar Sarkin Musulmi kan ganin wata ake bi. Talatin ga Safar, wata na biyu, rana ce sahihiya, amma sabar da ta san Miladiyya kaɗai za ta ga 30 ga wata na biyu ta ƙi. Manhajojin da ke juya Hijira zuwa Miladiyya lissafi suke bi, wasu na bin kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, don haka suna iya saɓa wa ganin watanmu da kwana ɗaya. Ƙari a kan haka, a al'adarmu dare ke riga rana. Daren Juma'a a wurinmu shi ne wanda ke farawa da magaribar Alhamis, alhali a wurin kwamfuta Juma'a ba ta shiga sai sha biyun dare. Wasu iyayen kuma ranar suna suka riƙe, ba ranar haihuwa ba, tazarar mako guda ke nan.

Dattawa kuwa da abin da ya faru suke ƙirga shekaru: shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, 1972, ko ta canjin kuɗi daga fam zuwa naira, 1973, ko ta kafa Gongola, 1976. Fom ba ya karɓar wannan. Sai ma'aikaci ya cike gurbin da 1 ga Janairu, shi ya sa masu wannan ranar suka yi yawa a takardu. A Nijar tsofaffin takardu sun fi faɗin gaskiya, don suna rubuta kalmomin Faransanci biyu masu nufin an haife shi wajajen shekara kaza. Ƙa'idar ISO 8601 kanta ta yarda a rubuta shekara kaɗai. Masu tsara fom ne suka rufe wannan ƙofa, kuma ina ganin ba su kyauta ba. Tilasta wa dattijo ya faɗi ranar da bai sani ba shi ke sa wannan ofishi ya rubuta masa ɗaya, wancan ya rubuta wata, daga baya a ce shi ya yi ƙarya. Kafin a gyara tsarin, abin da iyali za su iya yi shi ne su tsayar wa kowane dattijo rana guda, wadda ke kan takardarsa ta NIN, a rubuta ta a ajiye, a riƙa ba da ita a ko'ina.

Gyara bayan an ajiye kuskure yana yiwuwa, amma da wahala. NIMC na neman takardar haihuwa ko ta shaida daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma kuɗin gyaran ranar haihuwa ya ninka na gyaran suna sau da yawa. A ɓangaren BVN ma ba a barin mutum ya yi ta sauyawa yadda ya ga dama. Ba a fafe gora ranar tafiya: ɗalibin da ke aji biyar na sakandare ya gwada takardunsa tun yanzu, kada ya jira sai an buɗe rajista. A gaban mai cike fom kuma, babu rashin kunya a ce, "Malam, don Allah karanta mini watan da sunansa kafin ka tura." In dattijo ne ya zo, mai shagon ne ya kamata ya fara: "Baba, na rubuta huɗu ga watan Mayu, watan biyar ke nan, haka ne?"

Idan kuma an riga an rikice, takarda ɗaya na cewa Mayu ɗaya na cewa Afrilu, kuma iyaye ba su tuna ba, akwai shaidar da Bahaushe ke yawo da ita bai sani ba, wato sunan rana. Jummai da Ɗanjuma, Laraba da Balarabe, Talatu, Lami, Altine, Asabe, Ladi da Ɗanladi, duk suna ɗauke da ranar makon da aka haife su. Azumi da Ɗan'azumi kuma suna ɗauke da watansu. Kalandar kowace waya tana iya komawa baya ta nuna ranar da kwanan wata ya faɗa. Na duba ta 2003. Biyar ga Afrilu ta faɗo ranar Asabar, huɗu ga Mayu kuwa Lahadi. In yarinyar da aka rubuta wa 04/05/2003 Ladi ake kiranta a gida, to watan Mayu aka haife ta.